Ƙarancin Masu Duba Lafiyar Abinci: Ɗan Kasuwa Ke Kwana Ciki

A kowace ranar kasuwa, motoci maƙare da wake da gyaɗa na ratsa iyaka tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela. Ma'aikatan duwan na ƙirga buhuna, amma wa ke duba abin da ke cikin buhun? Masu wannan ilimi ƙalilan ne, ɗakunan gwaji kuwa sai manyan birane, kamar LANSPEX da ke Yamai.

Idan za a iya tunawa, a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, aka kuma tsawaita hanin a 2016. Dalili shi ne maganin ƙwari dichlorvos, wato piya-piya, da aka samu fiye da ƙa'idarsu ta miligiram 0.01 a kowane kilo. Galibi yaron sito da ke zuba maganin ba mugunta ce ta sa shi ba, rashin mai koya masa ne.

Haka batun gyaɗa. Idan aka ɗura ta a buhu da sauran danshi, takan yi fumfuna mai haifar da dafin aflatoxin, wanda ke jawo sankarar hanta. Dahuwa ba ta kashe shi, kuma sai an auna ake tabbatar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na hallaka mutum 137,000 a Afirka kowace shekara.

To, ina mafita? Tun 2007 ake yaɗa buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Amma ko shi sai an iya: a shanya wake sosai, a duba ledojin ko sun huje, a ɗaure kowace daban.

Saboda haka bai kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su zauna jiran gwamnati ba. Kowace kasuwa ta zaɓi matasa biyu ko uku, ta nemi malaman gona su koya musu shanya, ajiya da karanta umarnin da ke jikin magani. Kuɗin horar da yaro ɗaya bai kai asarar mota guda da aka dawo da ita ba. Rigakafi dai ya fi magani.