Ko Kun Sani? Wasan Kwamfuta Ya Taɓa Lashe Kyautar Adabi

A watan Disamban 2021, wasan kwamfuta mai suna Hades ya lashe kyautar Hugo, wadda tun 1953 ake ba gwanayen ƙagaggun labaran kimiyya. Shi ne wasa na farko da ya samu wannan lambar yabo, a wani rukuni na musamman da aka buɗe a taron ba da kyautar a birnin Washinton na Amurka, ganin yadda zaman kullen korona ya sa jama'a suka rungumi wasannin bidiyo.

Ba a banza ya ci ba. Greg Kasavin na kamfanin Supergiant Games ya rubuta masa kalmomi fiye da 300,000, abin da ya zarce tsawon yawancin littattafan hikaya. Labarin na Zagreus ne, ɗan sarkin lahira a tatsuniyoyin Girkawa, mai neman tserewa daga gidan ubansa. Duk sanda aka kashe shi sai ya farka a gida, ya tarar da sabuwar hira tana jiransa, wato faɗuwar mai wasa ita ke ciyar da labarin gaba.

A 2024 rukunin ya zama na dindindin, wasan Baldur's Gate 3 ya lashe shi a birnin Glasgow.