Gini ɗaya, amfani da yawa: yadda ake gina zauren jama'a mai sanyi da ƙarko

'Yan uwa mazauna sansani, duk inda jama'a suka taru da yawa suna bukatar wuri ɗaya na kowa da kowa: inda yara za su yi karatu, mata su koyi sana'a, dattawa su sasanta rigima, a yi rigakafi ko rajista. Sau da yawa ana fara irin wannan wuri da tanti ko rumfar kwano. Da bazara zafi ya kori mutane tun kafin azahar, da damina kuma ƙarar ruwa a kan kwano ta hana a ji maganar juna. Wannan bayani zai nuna yadda ake gina zauren da ya fi haka, domin idan aka kira ku taron shawara ku san abin da za ku nema.

Misali daga Dandaji

A garin Dandaji da ke jihar Tawa, a Nijar, an kammala wani gini a shekarar 2018 mai suna Hikma. Mata biyu ne suka zana shi: Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran. Tsohon masallacin garin na ƙasa ya soma lalacewa. Maimakon a rushe shi, sai aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1,000 a kusa da shi, tare da azuzuwan karatun manya. An gayyato maginan da suka yi aikin tsohon ginin suka shiga cikin sabon. Yawancin bulon kuwa da jar ƙasar yankin aka buga shi. Yanzu harabar ba ta zama fayau tsakanin salla da salla, domin ɗalibai da mata suna shige da fice duk yini.

Me ya sa ƙasa?

Bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi. Shi ya sa ɗakin soro yake da sanyi da rana. Kwano kuwa nan take yake ɗaukar zafi ya zubo shi a kan mutane.

Bulon da ake amfani da shi ba tubalin hannu ba ne. Ana tankaɗe ƙasa, a haɗa ta da siminti kaɗan da ruwa kaɗan, a matse da inji. Sannan a rufe shi da leda, ana yayyafa masa ruwa na 'yan makonni har ya yi ƙarfi. Ba a gasa shi, saboda haka ba a sare itace ko ɗaya dominsa. Wannan babban abu ne a wurin da neman itacen girki yake jawo saɓani da mutanen gari, yake kuma kai mata da 'yan mata nesa cikin daji. Kuɗin aikin ma hannun masu haƙa, masu bugawa da magina yake shiga, matasa kuma su fita da sana'ar da za su tafi da ita duk inda suka koma.

Iska da ruwa

A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da wata dabara mai sauƙi. Ya yi silin na bulon ƙasa mai 'yan ƙofofi, ya ɗaga rufin kwano sama da shi da tazara. Iska mai zafi tana hawa ta fice ta wannan tazara, mai sanyi ta shigo ta tagogi. Babu fanka, babu janareta.

Maƙiyin ginin ƙasa shi ne ruwa. Dole harsashi ya zama na dutse ko kankare, a ɗaga shi sama da ƙasa, rufin kuma ya zarce bango sosai. A yankinmu hadari yawanci daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ne ya fi bukatar kariya.

Ruwan da ya sauka a rufi bai kamata ya tafi a banza ba. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufi mai murabba'in mita 100, idan damina ta ba da milimita 400, zai iya tara kusan lita 40,000, wato jarka 2,000 mai lita 20. A Dandaji tankin ƙarƙashin ƙasa ne yake tara ruwan damina, da shi ake shayar da itatuwan harabar.

Wurin da kowa zai shiga hankali kwance

Sanyi kaɗai bai isa ba. Zauren da mace take tsoron zuwa bayan magariba, ko mai keken guragu ba zai iya hawa ba, bai zama na kowa ba. Idan aka zo jin ra'ayinku, ku tambayi waɗannan:

Akwai ban ɗakin mata daban da na maza, mai sakata ta ciki? Akwai fitila mai aiki da hasken rana a ƙofa da kan hanya? An yi gangara a maimakon matakala kaɗai? Akwai ƙaramin ɗaki da mutum zai kai kukansa ba tare da idon jama'a a kansa ba? Wa zai riƙe makulli, kuma yaya za a raba lokaci tsakanin yara, mata da maza? Wa zai share indararo ya duba bango kafin ruwan farko? Mutanen garin da suka karɓe mu za su amfana da wurin?

Iyaye mata, tsofaffi da masu bukata ta musamman, ku halarci irin wannan zama ku yi magana. Sauya wurin ƙofa a kan takarda ba ya cin ko sisi, amma bayan an ɗora bulo sai an fasa bango.