Gudun Mota da Shan Mai

Kai direba, ko mai mota, ko ɗan kabu-kabu a garin Tawa, ka san cewa mai shi ne ke cinye mafi yawan abin da ka samu a yini. Amma ba inji kaɗai ke shan mai ba. Ƙafarka da ke kan totur tana da nata rabo.

Idan mota tana tafiya, iska tana tura ta baya. Fitar da tafin hannunka ta taga, za ka ji ƙarfinta. In ka ninka gudu sau 2, turin iskar yakan ninka sau 4, kuma da mai inji ke yaƙar sa. Ga lissafi mai sauƙi. Tafiyar kilomita 100 a kan hanyar Tawa zuwa Abalak, in kana gudun 80, za ta ɗauki minti 75. In kana gudun 100, minti 60. Ka ci ribar minti 15 kawai, alhali turin iska ya ƙaru da fiye da rabi. Kayan da aka jibga a saman mota ranar kasuwa suna ƙara tare iskar. A ganina, minti 15 bai kai wannan hasara ba.

A cikin gari kuwa, matsalar daban ce. Wanda ke fizgar mota sannan ya taka birki da ƙarfi yana ƙone man da bai kai shi ko'ina ba. Ka tashi a hankali, ka sauya giya da wuri. In kana jiran fasinja a tasha, ka kashe inji.

Akwai kuma maganar taya. A hanyoyin rairayi na arewacin Adar, kamar wajen Takanamat, direbobi sukan rage iskar taya don kada mota ta kafe. Wannan dabara ce mai kyau. Kuskuren shi ne a hau kwalta ba a mayar da iskar ba: taya mai laushi tana jan mota, tana ƙara shan mai, tana kuma yin zafi har ta fashe.

Tunda ka koyi rubutu da lissafi, ka gwada da kanka. Cika tanki, ka rubuta lambar kilomita a littafi. Idan ka sake cikawa, rubuta litar da ta shiga da nisan da ka yi. Mako mai zuwa ka rage gudu a kan hanya ɗaya, ka kwatanta lambobin biyu.