Mai sayen tsohon gida ya fara duba tushe

A Yamai da Maraɗi da Damagaram, wasu ƴan kasuwa da ma'aikata sukan sayi tsohon gida, su gyara, su sake sayarwa. Ribar wannan sana'a ko hasararta tana ƙarƙashin ƙasa. Ƙofa da fenti da rufin kwano ana sauya su da kuɗi kaɗan, amma tushen da ya lalace yakan cinye jari duka.

Abin da ya fi kashe tushe shi ne ruwa. A shekarar 1945 ambaliyar Gulbi ta rushe tsohon garin Maraɗi, har aka maida gari bisa tudu. A shekarar 2020 kogin Isa ya cika ya shiga unguwannin Yamai na bakin ruwa. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kada tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19. Saboda haka magina suke cewa lokacin duban gida shi ne damina.

Da farko mai saye ya tambayi maƙwabta inda ruwa yake kwanciya. Ya duba ko titi ya fi daɓen gida tudu, ko indararo yana zuba a gindin bango, ko ramin salga da saiwar dogon yaro sun matso kusa da gini. Gidan da yake cikin fadama yana son kulawa ta musamman, domin laka tana kumbura da damina, tana tsukewa da rani, tushe kuwa yana motsi tare da ita.

Bango ma yana ba da shaida. Siririyar tsaga a jikin yaɓe ba abin tsoro ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga ta tafi a karkace, ita ce alamar tushe ya zauna, musamman in ƙofa ta daina rufuwa. Ana shafa ɗan siminti a kan tsagar, a rubuta rana. Idan ya fashe bayan ƴan makonni, ginin yana motsi har yanzu. Sannan magini ya haƙa ɗan rami a gindin bango, ya ga zurfin tushe, da laima, da ɓarnar gara, ya faɗi kuɗin gyara kafin a yi ciniki, a rage su daga farashi.

Wasu sukan rufe bangon ƙasa da yaɓen siminti don a ruɗi mai saye. Siminti yana tsare laima a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana bango ya faɗa wa masu barci. Doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da yake ɓoye. Gyaran gaskiya yana farawa da kore ruwa daga gindin gini, sannan a ƙarfafa tushe sashe-sashe, yaɓe da fenti su zo daga ƙarshe.