Masu Nutso: Sana'ar da Hannu Ke Gani

Katsina ba ta da teku, ba ta kuma da babban kogi. Mazaunin Ƙofar Marusa da ya tsaya gaban mai suyar kifi da almuru, abin da ke cikin kasko kawai ya sani. Amma dam ɗin Ajiwa da ke shayar da birnin yana nan kusa, ga Zobe a Dutsin-Ma da aka kammala a 1983, ga na Jibiya. Duk inda ruwa ya kwanta haka akwai masunta, a cikinsu kuma akwai gwanayen da ke shiga har ƙasa, su ne masu nutso.

Kayan aikin mai nutso kaɗan ne: gajeren wando, gora da zai rataya a kai ya huta, wani lokaci da homa. Daga gaɓa yake takawa har ruwa ya kai masa wuya, ya cika ƙirji da iska, ya nutse. Yakan yi minti ɗaya, gwani ya ɗara haka. Ruwanmu gurɓatacce ne, ido ba ya amfani a ciki, don haka da tafin hannu yake laluben kogon dutse, da gindin itacen da ruwa ya cinye, da raga idan ta sarƙe. Yawanci gado ne, uba ke koya wa ɗa tun yana ƙarami.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sanin da suka yi wa halittun ƙasan ruwa. Mai nutso na bambance tarwaɗa da minjirya kafin ya cafka, dole ne kuwa, domin minjirya na sakin lantarkin da kan kai bolt 300, hannu ya sage nan take. Ya san yadda ake kama ƙurungu ta bayan ƙaya, saboda ƙayoyin bayansa da na gefe kan miƙe su kulle, wanda suka soka ba ya mantawa. Wasu irin ƙurungun ma a rigingine suke iyo. Ga talibambam, da kan haɗiyi ruwa ko iska ya kumbura idan ya ji tsoro. Ga kuma gaiwa, wadda ke da huhu: idan tafki ya ƙafe sai ta shige laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi watanni tana jiran damina. Kakanninmu sun ce jikinta take ci, masana kimiyya kuma sun tabbatar cewa tsokarta take narkarwa ta rayu. Wannan ilimi ne na gaske, ko da ba a kai shi takarda ba.

A Argungu an ba sana'ar darajarta. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a kogin Matan Fada, da wasannin kabanci irin su gasar nutso da kamun kifi da hannu, kuma UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016. A mashigin Lembeh na ƙasar Indonesiya kuwa, baƙi ke biyan kuɗi don 'yan gari su jagorance su, da tulun iska a baya, su nuna musu ƙananan halittu a kan baƙin yashi, har da dokin teku da bai wuce girman farce ba. Jagoran can da idonsa yake ci, namu da hannunsa, kuma ni ban ga wanda ya fi wani ƙwarewa ba.

Sai dai namu a banza yake ɗaukar kasada. Duk mita 10 na zurfi, matsin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu, shi ya sa kunne ke ciwo, dodonsa ma kan fashe. Kwantaccen ruwa mai dodon koɗi yana ɗauke da tsargiya, alhali maganinta, firazikwantel, ba shi da tsada, ya kamata a riƙa kai wa masu nutso har bakin dam. Ranar da kwalekwale ya kife ko yaro ya nutse a kududdufi, su ake rugawa a kira, su shiga ba tabarau ba igiya, su fito da mamaci a yi masa sutura. Mafi yawan lokaci ladansu shi ne "Allah Ya saka da alheri."