GURGU BA MATACCE BA NE: DAGA ƘANƘARAR TURAI ZUWA KASUWAR WUDIL

Akwai wani wasa da ake yi a ƙasashen sanyi wanda muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarinsa, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi, domin akwai abin lura a cikinsa. Wasan nan ƙwallon gora ne, amma bisa ƙanƙara ake yinsa, kuma masu yinsa duka mutane ne waɗanda ƙafafunsu suka mutu, ko aka yanke su, ko aka haife su haka nan. Ƙasashe sukan taru su yi gasarsa, a ba wanda ya ci lambar zinariya.

ASALIN ABIN

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an koma Ingila da sojoji masu yawa waɗanda harsashi ya taɓa musu ƙashin baya, suka zama ba sa iya tashi. A asibitin Stoke Mandeville akwai wani likita, Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga Jamus cikin 1939. Shi ne ya ga cewa magani kaɗai ba ya isa, sai an ba mutum abin da zai motsa jikinsa, ya kuma faranta ransa. Ran 29 ga Yuli 1948, watau ranar da aka buɗe wasannin Olimfik a London, ya shirya wa majiyyata 16 gasar harbi da baka suna zaune bisa kekunansu. Abu kamar wasa, sai ga shi cikin 1960 mutum wajen 400 daga ƙasashe 23 sun taru a birnin Rum. Daga nan ne aka fara lissafin wasannin nakasassu na duniya.

A cikin shekarun nan na farkon 1960 ne kuma waɗansu mutanen Suwidin, da ke jinya a wani gidan gyaran gaɓoɓi a birnin Sitokholm, suka ƙi yarda su rabu da ƙwallon gora wanda suka saba yi tun suna da ƙafa. Ƙasarsu kuwa da hunturu tafkuna kan daskare su yi tauri kamar dutse. Sai suka ƙera wani ɗan gadon ƙarfe, suka sa masa wuƙaƙen zamiya biyu a ƙarƙashi, suka hau suka zauna, suka shiga tura kansu da sanduna. Kafin 1969 har sun kai ƙungiya biyar a birnin, masu ƙafa ma suna zama bisa gadon su yi wasa tare da su. A shekarar nan kuma suka kara da mutanen Oslo ta ƙasar Norwe.

YADDA A KE YINSA

Kowane ɓangare mutum shida ne, har da mai tsaron gida. Ɗan wasa yana zaune, an ɗaure shi tam bisa gadonsa, ƙafafu a miƙe gaba. Yana riƙe da gajerun sanduna biyu, ɗaya a kowane hannu. Gindin kowace sanda yana da haƙoran ƙarfe, da su yake cakar ƙanƙara ya tura kansa, kamar yadda mai fito yake tura jirgi da gora a kogin Wudil. Ɗaya kan kuwa a lanƙwashe yake, da shi yake bugun ƙwallo. Ƙwallon ma ba irin namu ba ne, wani ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, wanda yakan iya wucewa ta ƙarƙashin gadon. Ana yin zagaye uku, kowanne minti 15. Ana ture juna, ana faɗuwa, ana tashi, ba mai cewa sannu.

An shigar da wasan cikin wasannin nakasassu na hunturu a Lillehammer ta Norwe cikin 1994. Ƙasashe biyar suka shiga, Suwidin ta ci zinariya, Norwe ta zo ta biyu, Kanada ta uku. Norwe ta ci a 1998, Amurka a 2002, Kanada a 2006. Daga nan Amurka ta riƙe kambun sau huɗu a jere, 2010 da 2014 da 2018 da 2022, inda a na 2022 a birnin Beijin ta ci Kanada 5 da nema.

NA MU NA GIDA

To, mai karatu zai ce ina ruwanmu da wasan ƙanƙara, mu da ba mu ganin ƙanƙara sai wadda ta zubo da ruwan sama ko ta cikin firji? Amsa ita ce, abin da mutanen Suwidin suka yi, namu ma sun yi shi, ba tare da sun jira kowa ba.

Kowa ya san ɗan katakon nan mai ƙananan tayoyi da guragu ke hawa suna turawa da hannu, sun zura silifa a tafukansu don kada kwalta ta ci su. Shekara da shekaru ba a san shi da wani aiki ba sai kai mai shi wurin bara. Cikin 1988 wani wanda shan inna ya kama tun yana yaro, Misbahu Lawan Didi, ya mai da wannan katako abin wasa. Aka kafa raga biyu a fili mai daɓe, aka raba ƙungiya biyu, aka sa alƙalin wasa, ana bugun ƙwallo da hannu maimakon ƙafa. Wannan shi ne ƙwallon guragu. Ya yaɗu cikin jihohi, har ya sami ƙungiyarsa ta ƙasa, ana kuma shirya gasarsa don tunawa da ranar yaƙi da shan inna ta duniya, watau 24 ga Oktoba. A birnin Ankara ta ƙasar Gana ma akwai irinsa, da wata ƙungiya mai suna Rolling Rockets. Wanda ya taɓa ganin gudun da suke shararawa da yadda suke juyi bisa katakon nan, ba ya ƙara kiransu abin tausayi. Gani ya kori ji.

Kada kuma a manta da abin da nakasassun Nijeriya suka yi a idon duniya. Sun fara zuwa wasannin cikin 1992 a Basalona, suka komo da zinariya 3. A birnin Riyo cikin 2016 suka ci zinariya 8, azurfa 2, tagulla 2, alhali masu ƙafa da suka je Olimfik a birnin nan a shekarar nan tagulla ɗaya tak suka samo.

ME YA SHAFI WUDIL?

Shan inna ya yi wa ƙasar Kano ɓarna ƙwarai. Cikin 2003 aka tsai da allurar rigakafi saboda jita-jita, ba a koma ba sai a 2004, cutar kuwa ba ta tsaya jiran kowa ba. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila, nan kusa da Wudil, cikin Yulin 2014. Na ƙarshe a Nijeriya a Barno ne cikin 2016, sa'an nan ran 25 ga Agusta 2020 aka shaida cewa Afirka ta rabu da ita. Mun gode Allah. Amma fa a tuna, an kori cuta, ba a kori waɗanda ta riga ta taɓa ba. Yaran da ta kama a shekarun nan yanzu samari ne da 'yan mata, suna nan cikin garuruwa da ƙauyukanmu, ƙarfin damtsensu ya fi na yawancinmu.

Wudil kuwa ba ƙaramin gari ba ne. Ga kasuwar Juma'a da karar shanu wadda ake zuwa daga nesa, ga gada da babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga jami'ar kimiyya da fasaha, ga makarantar horar da manyan 'yan sanda. Duk inda jama'a ke taruwa haka, nan gurgu yake zuwa ya miƙa hannu, gama ba a nuna masa wata ƙofa ba. Mu kuwa mu jefa masa sadaka mu wuce, muna ganin mun sauke nauyi. Sadaka alheri ce, amma ba ta mai da mutum ɗan gari mai faɗa a ji.

ABIN DA MU KE ROƘO

Na fari, ga ma'aikatan ƙaramar hukuma. Wasan nan ba ya bukatar ɗakin ƙanƙara na miliyoyi. Fili ɗaya mai daɓen siminti mai santsi, da raga biyu, da ƙwallo, shi ke nan. Katako da tayoyi kuwa kafinta da mai walda na cikin gari sun iya. In za a tsara kuɗin wasanni na shekara, a sa wannan a ciki. A kuma nemi shawarar Sarkin Guragu da jama'arsa tun daga farko, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A birnin Kano akwai ƙungiyar waɗanda shan inna ya taɓa, wadda Aminu Ahmed Tudun Wada ya jagoranta, masu ƙera kekunan guragu da hannunsu. Wudil ba ta da nisa da su, ana iya koyo.

Na biyu, ga malaman makaranta. In lokacin wasa ya yi, kada a bar yaro gurgu a gindin bishiya yana tsaron takalman 'yan'uwansa. A samo katako biyu ko huɗu, a sa masu ƙafa su ma su hau su gwada, kamar yadda aka yi a Sitokholm. Ran da suka ga ya fi su, ran nan ba'a za ta ƙare.

Na uku, ga iyaye. Kada a ɓoye yaro a ɗaki don kunya, kada kuma a mai da shi jari. A kai shi makaranta, a kuma ci gaba da kai ƙannensa rigakafi. Tun Janairun 2019 akwai dokar ƙasa da ta hana nuna wa nakasassu bambanci, amma doka ba ta da ƙafa, sai jama'a sun ɗauke ta.

Mutanen Suwidin sun duba abin da Allah ya ba ƙasarsu, suka ga ƙanƙara, suka yi wasa da ita, shekara talatin da 'yan kai ya zama gasar duniya. Namu sun duba suka ga katako da daɓe. Saura mu ba su fili, mu kuma je mu cika shi da kallo da tafi. Allah ya sa mu ga ranar da ƙungiyar Wudil za ta kara da ta Gaya da ta Sumaila a gaban hakimai da jama'a, amin.