Wa Ke Sa Ido A Kan Masu Maganin Dabbobi A Kano?

A unguwannin Hotoro da Tarauni da Gyadi-Gyadi, da wuya a sami layin da babu mai kiwon tumaki ko kaji a bayan gida. Ma'aikaci da yawa ya ɗauki ragon da yake turkawa a matsayin asusunsa na Babbar Salla. To, amma ciwon dabba ba ya jiran lokacin ofis. Sau da yawa cikin dare ne cikin rago ke kumbura saboda ya ci dawa fiye da kima ko ya haɗiye leda, ko kuma haihuwa ta zo wa tunkiya da gardama.

A irin wannan hali, maimakon a nemi asibitin dabbobi na gwamnati, kamar na Gwale ko na Kundila, sai a ruga wurin mai shagon magani mafi kusa. Wasu masu shagunan ƙwararru ne, amma wasu ba su taɓa shiga ajin koyon aikin ba. Su yi allura ba tare da sun auna nauyin dabbar ba, su kuma sayar da maganin da ya sha rana har ƙarfinsa ya tafi.

Doka ba ta bar wannan al'amari sakaka ba. Dokar Likitocin Dabbobi ta 1969 ta ɗora wa Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya alhakin rajistar duk wanda zai yi wannan aiki, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 kuma ita ke duba ingancin magunguna. Abin da ake buƙata shi ne jami'ai su riƙa zagayawa lungu-lungu.

Haɗarin bai tsaya a kan dabba ba. Idan aka yi wa rago allurar kashe ƙwayoyin cuta, aka yanka shi kafin maganin ya fita daga jikinsa, iyali ne za su ci ragowar. Annobar bushiya ta 1983 da murar tsuntsaye ta 2006 sun nuna irin ɓarnar da jinkirin kai rahoto ke jawowa.

Saboda haka ya kamata mai kiwo ya nemi ganin takardar rajistar mai yi masa magani, ya kuma ajiye lambar likita tun kafin ciwo ya zo. Hukumomi kuwa, ya dace su tanadi likitan da zai kwana a bakin aiki.